Na hana AI a ofishina, ashe tana cikin takardun da nake sa wa hannu

Aikin lauya, idan aka cire baƙar riga da dogon Turanci, rashin yarda ne da ake biyan mutum a kansa. Wanda kake wakilta ya ba ka labari, ka saurare shi da ladabi, sannan ka ce ya kawo takarda. Ya kawo takarda, ka duba kwanan wata da sa hannu. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe ya ce kotu ta taɓa yanke kaza a shari'a kaza, ka je ka buɗe hukuncin da hannunka, domin sau da yawa maganar kotun tana da wani "sai dai" a gabanta wanda ya ga dama ya tsallake. A kan wannan tarbiyya na tashi, kuma sama da shekara 20 ke nan da ita nake rufa wa kaina asiri.

Ubangidana, wanda na koyi aiki a hannunsa, doka ɗaya ya kafa mana tun muna sababbi. Kada ka kuskura ka ambaci hukuncin da ba ka karanta daga farko har ƙarshe ba. Taƙaitawar wani ba ta isa ba, abin da ka ji a bakin abokin aiki bai isa ba. Idan ya kama ka, ba ya faɗa, sai dai ya turo maka kundin ya ce ka nuna masa shafin, ya harɗe hannu yana jiranka.

Kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar AI (ƙirƙirarriyar basira) da ake yi wa tambaya a rubuce ta amsa kamar mutum, ranar 30 ga Nuwamba 2022, kuma ba a jima ba surutunta ya iso mu. Na zauna na gwada ta yadda zan gwada kowa. Na yi mata tambaya kan dokar kwangila, a fannin da na sani ciki da bai. Ta amsa cikin tsari mai kyau, har da jero shari'o'in da za a dogara da su. Wasu na san su. Wasu ban taɓa ji ba, na neme su sama da ƙasa, babu su babu dalilinsu. Sunayen masu ƙara sun yi kama da na gaske, shekara ta yi daidai da zamanin da ake irin wannan shari'a, lambar kundi da shafi duk sun zauna daram, amma ba a taɓa yin shari'ar ba a duniya.

A tsakiyar 2023 labarin New York ya fito ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca ƙara kan raunin da ya ce ya ji a cikin jirgi. Lauyansa, mutumin da ya haura shekara 30 yana aiki, ya shirya takardar da aka shigar kotu mai ɗauke da shari'o'i 6 da ChatGPT ta ƙirƙiro. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, da shakka ta kama shi, ita ɗin dai ya koma ya tambaya ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Mai shari'a Kevin Castel ya ci lauyoyin fasinjan da ofishinsu tarar dala 5,000 a watan Yuni. Kuɗin ba wani abu ba ne, sunan mutum ne ya shiga duniya. Mun yi ta tura wa juna labarin a waya muna dariya, ni kuma na tara ma'aikatan ofis na ce daga yau ban yarda kowa ya yi aikinmu da wannan manhaja ba.

Har yau ina kare wannan shakka idan na ji matasa suna yi wa manya dariya, suna cewa tsoron zamani ne kawai. Shakkarmu tana da tushe. Irin wannan manhaja ba rumbun ajiyar hukunce-hukunce ba ce da za ka buɗe ka ɗauko abin da aka ajiye. An ɗura mata rubutu ne mai ɗimbin yawa har ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wace, sannan aka ƙara horar da ita ta riƙa amsa tambaya yadda mutane suke so. Sunan shari'a kuwa siffarsa sananniya ce: wane da wane, shekara, kundi, shafi. Haɗa abin da ya yi kama da shi ba ya mata wuya, kuma da murya ɗaya take faɗar na gaske da na ƙarya. Mutum idan yana shaci-faɗi yakan yi inda-inda, ka gane. Ita ba ta yi.

Ga kuma maganar sirri. A 2023 ɗin ne kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da ChatGPT a na'urorin aiki, bayan an gano wasu sun zuba mata bayanan cikin gida. Mu kuwa sirrin mutane ne jarinmu. Wanda ya gaya wa lauya abin da bai gaya wa matarsa ba, bai yi hakan don a kwafe shi a tura wa wata kwamfuta da ke wata nahiya ba.

Sannan masu tallata fasahar sun sha yin alkawarin da bai cika ba. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fanni, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hotunan asibiti, domin cikin shekara 5 na'ura za ta fi su. Shekarun sun zo sun wuce, asibitoci har yau neman waɗannan likitoci suke yi. A watan Maris 2023 OpenAI ta ce GPT-4, sabon samfurin manhajarta na lokacin, ta shiga sahun kashi 10 cikin 100 na sama a jarrabawar zama lauya ta Amurka, daga baya wani mai bincike ya sake lissafin ya nuna an kambama abin. Wanda ya ga irin waɗannan ya ja baya, bai yi wauta ba.

Akwai dai wani ɓangare na shakkar da ba ma faɗa a taro. Mutum ya yi shekaru yana haddace abu, ana girmama shi saboda shi kaɗai ya san inda ake samo shi, sai a wayi gari yaro ya latsa waya ya samo rabinsa. Wannan ba ya da daɗi. Kuma yawancinmu gwargwadon lokacin da aiki ya ci muke cajin mutane, don haka duk abin da zai gajarta aiki yana taɓa aljihu. Idan lauya ya ce miki ba ya son AI saboda kare martabar sana'a, gaskiya ya faɗa, amma bai faɗe ta duka ba.

Haka muka ci gaba, dokata tana nan, hankalina kwance. Sai na fara lura da wasu abubuwa. Daftarin da ƙananan lauyoyi ke kawo mini ya sauya kama. Yaron da na san jimlarsa ba ta ƙarewa sai ta yi tuntuɓe, ya koma kawo rubutu sumul, kowane sakin layi da kansa da ƙafarsa. Na ɗauka ƙwarewa ce ta zo. Waɗanda muke wakilta ma sun sauya. A da mutum yakan zo da jakar takardu ya ce Barista ki duba mini. Yanzu sai ya zo da shafi biyu da aka buga, an jera masa haƙƙoƙinsa da sassan doka, ya ce yana so ne kawai in tabbatar. Wani lokaci abin da ya kawo daidai ne. Wani lokaci dokar wata ƙasa ce daban aka kawo masa, in shafe rabin zaman ina kwance abin da aka ɗaura masa a ka.

Ranar da abin ya fito fili, wani rubutaccen jawabi ne na ƙarshe da za mu shigar kotu. Ɗaya daga cikin yarana, mai hazaƙa da ladabi, ya shirya shi. Ya dogara da wata shari'a ta gaske, suna daidai, shekara daidai, kundi da shafi daidai. Har kalmomin da ya ɗauko suna cikin hukuncin. Matsalar ita ce kalmomin na alƙalin da ya saɓa wa sauran ne, wanda ra'ayinsa bai yi rinjaye ba. Hukuncin kotun kansa akasin abin da muke so ya faɗa. Na gane ne kawai domin na taɓa yin gumi a kan wannan shari'ar a wani aiki can baya. Da wata ce da ban sani ba, da na sa hannu, kuma da lauyan ɗaya ɓangaren ya yi mana wankin babban bargo a gaban alƙali da makamin da muka miƙa masa da kanmu.

Na kira shi na nuna masa. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi na duba, shari'ar tana nan."

Na ce, "Ka duba tana nan, ko ka karanta ta?"

Ya yi shiru. Da na matsa, sai ya ce, "Ranki ya daɗe, gaskiya ba ni kaɗai ba ne. Duk waɗanda muka gama makaranta tare da ita suke aiki. Tunda kin hana, a wayata nake yi, ba na taɓa kwamfutar ofis."

Ya faɗi haka ne don in ga ya bi doka. Ni kuwa abin da na ji shi ne, takardun mutanen da suka ba ni amana suna shiga manhajar kyauta a wayar yaro, inda ba ni da iko da komai, ba ni da masaniyar abin da aka saka da abin da aka cire. Dokar da na kafa ta kori manhajar daga inda idona yake kaiwa, ta tura ta inda ba ya kaiwa. Kuma darasin da yaron ya ɗauka daga labarin New York shi ne a tabbatar shari'a tana nan. Ya tabbatar. Kuskuren ya riga ya sauya salo, shi bai sani ba, ni ma da nake duba aikinsa ban sani ba.

Abin da ya faru a Landan a watan Yuni 2025 ya nuna ba ofishina kaɗai ba ne. Babbar kotun Ingila, ƙarƙashin mai shari'a Victoria Sharp, ta haɗa shari'o'i biyu ta yi wa lauyoyi kashedi cewa shigar da hukuncin bogi zai iya kai mutum ga tuhumar raina kotu, har ma a miƙa shi ga 'yan sanda. A ɗaya daga cikinsu, ƙarar da aka kai wani banki na ƙasar Qatar, an ambaci shari'o'i 45, aka tarar 18 babu su. Lauyan da ke cikin wannan ba shi ya zauna da manhaja ba. Wanda yake wakilta ne ya yi binciken da kansa ya kawo masa, shi kuma ya karɓa ya shigar. Wato mutum zai iya rantsewa bai taɓa buɗe ChatGPT ba, kuma ta kai shi gaban alƙali.

Daga nan na yanke shawarar in bi da ita yadda nake bi da shaida a kotu. Ba a ƙin kiran shaida don yana iya ƙarya. Tambayoyi ake yi masa ta gaba da ta baya har a gane inda maganarsa take da ƙarfi da inda take rawa. Na ɗauko tsofaffin fayilolin da aka rufe, waɗanda na san yadda suka ƙare, na goge sunaye da duk abin da zai nuna mai su, na riƙa ba manhajoji daban-daban aikin da muka riga muka yi da hannu. ChatGPT, Claude na kamfanin Anthropic, Gemini na Google, duk na zagaya su.

Abu na farko da na tarar shi ne wadda na gwada a farko ba ita ce a gabana ba. Waccan 'yan shafuka kaɗan take iya riƙewa a lokaci guda, kuma ba ta leƙa intanet. Waɗannan suna karɓar takarda mai ɗaruruwan shafuka, suna bincike su nuna maka inda suka samo magana, kuma tun daga ƙarshen 2024 aka fito da masu bin matsala daki-daki kafin su amsa. Na ba ɗaya wata doguwar yarjejeniya na ce ta fito mini da duk sassan da suka shafi soke kwangila, ta nuna inda suka ci karo da juna. Kafin in gama gyara zama ta jero su, har da wani saɓani tsakanin wani sashe na tsakiya da jadawalin da ke maƙale a ƙarshe, wanda a lokacin aikin sai da muka sha wuya kafin wani ya hango shi. Na ba ta tarin wasiƙun da aka yi musaya tsakanin ɓangarori biyu na ce ta jera abin da ya faru bisa kwanan wata. Ta yi, aikin da kan cinye wa ƙaramin lauya yini.

Inda ta fi yi mini amfani ban zata ba. Nakan ba ta hujjata in ce ta zama lauyan ɗaya ɓangaren, ta rusa ni iya ƙarfinta. Yarana ba sa iya yi mini haka, kunya da girmamawa suna hana su. Ita ba ruwanta da shekaruna. Ba duk abin da take kawowa ne mai nauyi ba, amma sau da yawa takan taɓo wurin da ni kaina na san yana da rauni nake kauda kai.

Inda take faɗuwa kuma na rubuta su a littafi, domin su ne abin da nake nema tun farko. Tana son faranta wa mai tambaya. Idan ta ba ka amsa daidai ka ce mata a'a, ba haka ba ne, sau da yawa sai ta ba ka haƙuri ta koma bayanka. Idan ka saka ra'ayinka a cikin tambayar, za ta nemo maka hujjar da za ta goyi bayansa. Tambaya ɗaya a rana biyu tana iya samun amsa biyu. Dokokin ƙasashen da hukunce-hukuncensu ba su cika intanet ba, takan cike giɓin da na Amurka ko na Ingila ba tare da ta ce ta yi hakan ba. Ba koyaushe take sanin an gyara doka ko wata kotu ta sama ta soke hukunci ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren tsallake. Ka ce ta taƙaita maka sashe, ta taƙaita shi da kyau, duk abin da ta faɗa gaskiya ne, amma ta bar wani ɗan sharaɗi na ƙarshe wanda a kansa shari'ar gaba ɗaya ta rataya. Hukuncin bogi ana kama shi da bincike na minti kaɗan. Abin da aka tsallake kuwa sai wanda ya karanta asalin takardar, kuma ya san me ya kamata ya gani.

Ko manhajojin da aka gina musamman don lauyoyi, waɗanda aka haɗa da rumbun hukunce-hukunce na gaske, ba su tsira ba. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada su a 2024, suka tarar wasu suna ba da amsa mai kuskure a sama da kashi 17 cikin 100 na tambayoyi, wata kuma kusan ɗaya cikin uku. Wani bincike da malaman Harvard da wasu jami'o'i suka yi a 2023 tare da kamfanin ba da shawara na Boston Consulting Group ya yi daidai da abin da na gani a teburina. Ma'aikata 758 aka gwada. A ayyukan da manhajar ta iya, masu amfani da ita sun fi sauri da kusan kashi 25 cikin 100, aikinsu kuma ya fi inganci. A wani aikin da aka zaɓa domin ya fi ƙarfinta, masu amfani da ita sun fi waɗanda ba su taɓa ta ba faɗawa kuskure. Ayyukan biyu a ido kamarsu ɗaya, ba alamar da ke nuna wanne ne wanne. Sai wanda ya daɗe yana gwadawa yake fara jin inda iyakar take.

Ba na kuma yarda da jin da nake yi cewa na ƙara sauri. A watan Yuli 2025 wata cibiyar bincike mai suna METR ta gwada ƙwararrun masu rubuta manhajar kwamfuta su 16. Da AI aikinsu ya ƙara tsawo da kashi 19 cikin 100, alhali su a ransu suna jin sun ƙara sauri da kusan kashi 20. Mutum 16 ba su da yawa, kuma sana'arsu daban da tawa, amma tun da na karanta wannan nake duba agogo, ba na tambayar zuciyata. Akwai ayyukan da na dawo da su hannu, domin lokacin da nake ɓatawa wajen tantance abin da ta rubuta ya fi wanda zan ɓata in rubuta da kaina.

Na kai wa ubangidana wannan magana wata rana da na je gaishe shi. Har yanzu yana aiki, kuma har yanzu ban san wanda ya fi shi iya karanta kwangila ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke 'yar nan, kin san abin da ya mai da ke lauya? Wahalar nema. Na aike ki ki nemo shari'a ɗaya, kafin ki same ta kin karanta goma da ba ki nema ba. Waɗannan goman su ne suke fito miki yau a tsaye a gaban alƙali. Yaron da aka miƙa wa ɗayar a tafin hannu, ina zai samo goman?"

Ba ni da amsar wannan, kuma na gaya masa haka. Shari'ar da na kama a jawabin yarona, ai cikin irin waɗannan goman take. Amma na tambaye shi, "Yallabai, yaushe rabonka da ka gwada ta?"

Ya ce tun farkon fitowarta, ta yi masa ƙarya, bai sake komawa ba.

Na ce, "Yallabai, kai ka koya mana kafin mu dogara da hukunci mu duba ko yana nan daram ko an soke shi. Wannan hukuncin da ka yanke mata, a kan wadda aka daina amfani da ita ka yanke shi."

Ya yi dariya ya ce na zama lauya da gaske, amma bai sauya ba, ni ma ban matsa ba. Abin da ban iya gaya masa ba shi ne abin da nake gani daga waje. Ba wanda ya ƙwace masa aiki, manyan mutanen da suka saba da shi suna nan. Sai dai yaran ofishinsa sun daina kawo masa ƙananan tambayoyi, domin sun samu inda suke kaiwa ba a harare su ba. Yana duba daftarinsu da idon da ya saba, yana neman kuskuren ɗan Adam: kasala, gaggawa, rashin fahimta, jimlar da ta karye. Kuskuren da ke zuwa masa yanzu sanye yake da kaya masu kyau. Kuma idan wani kamfani ya tambaye shi wace manhaja ofishinsa ke amfani da ita, ina bayanansu ke zuwa, wa ke tantancewa, amsarsa ita ce ba ma amfani da ita. Ya yi imani da hakan, ni kuma na san ba haka ba ne.

Da ana cewa za a bar mu a baya, na ɗauka ana nufin wasu za su fi mu sauri su kwashe masu kawo aiki. Akwai wannan, domin na fara jin masu kamfanoni suna cewa ba za su biya kuɗin yini guda a kan taƙaita takardu ba. Amma wanda ya fi kusa da mu manya shi ne mu rasa ikon duba aikin da sunanmu ke kai. Ƙungiyar lauyoyi ta Amurka tun a 2012 ta ƙara a bayanin ƙa'idojinta cewa ƙwarewar lauya ta haɗa da sanin amfani da haɗarin fasahar da ta shafi aikinsa, kuma a watan Yuli 2024 ta fitar da matsaya ta musamman kan irin waɗannan manhajoji. Ba ta ce dole kowa ya yi aiki da su ba. Ta ɗora wa mai amfani da su nauyin sanin iyakarsu, ta ɗora wa manya nauyin sa ido kan na ƙasa da su.

Na ga kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda suka rungume ta ido rufe. Takardunsu sun ƙara tsawo, hujjarsu ta ƙara laushi, kuma idan alƙali ya jefo tambayar da ba ta cikin rubutun sai ka ga mutum yana juya shafuka yana neman ceto. A ganina waɗannan sun fi ubangidana zama cikin haɗari, domin shi ko ba komai abin da ke kansa nasa ne.

A ofishina yanzu na ɗage haramcin na sa sharuɗɗa. Manhajar da ofis ya biya, wadda muka karanta yarjejeniyarta kan sirri, ita kaɗai ake saka wa takardun aiki, ban da wayar kowa. Wanda ya yi amfani da ita a daftari ya rubuta a sama cewa ya yi, da wurin da ya yi, ba tare da tsoron faɗa ba. Kowane hukunci da aka ambata sai an haɗo mini cikakkensa, an ja layi a wurin da aka dogara, an kuma rubuta ko maganar ta masu rinjaye ce. Dokar ubangidana ce dai, na ƙara mata wannan layin na ƙarshe.

Maganarsa ta goman nan kuwa ita ce har yanzu muke ja-in-ja a kanta da abokan aikina. Na sa sababbin lauyoyi su fara yin bincike da hannu, su rubuta abin da suka samu, sannan su tambayi manhaja su kwatanta, su kawo mini bambancin. Wata daga cikinsu ta same ni ta ce, "Ranki ya daɗe, aiki biyu kike sa mu, kuma ƙawayena a wasu ofisoshin sun wuce wannan wurin." Gaskiyarta ce, aiki biyu ne, kuma ba mai kawo ƙarar da zai biya kuɗin na biyun, daga aljihun ofis yake fita. Ɗaya daga cikin abokan tarayyata yana ganin asara ce, yana so a rage shi zuwa watannin farko kawai. Na ce a bar shi shekara guda ga kowane sabo, mun ajiye maganar sai zaman da za mu yi a ƙarshen shekara.